Amya Biyu a Umm Salal

Tun da na dawo daga Qatar ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a layin ganin likita, kowa so yake ya ji yadda aka yi tsohuwar malamar firamare ta tafi kallon ƙwallo. Masu zolaya ma sun laƙaba mini Hajiya Gola. Na lura duk lokacin da na ba da labarin a baki, wuraren dariya nake tsayawa, in bar abin da ya fi zauna mini a rai. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daga farko, kowa ya karanta, ni ma in huta.

Ba ƙwallo ce ta kai ni ba, 'yata ce. Ummi muke ce mata, don sunan mahaifiyata ta ci. Tana karatun digiri na uku a Doha, mijinta Bashir kuma yana aiki a wani kamfanin tsaro. A shekarar korona ta haifi ɗa namiji, bai zo da rai ba. Lokacin an rufe hanyoyi, daga Zariya ko Kano ba a zuwa balle wata ƙasa. A waya na yi mata gaisuwa, ta ce, "Mama, ba komai, lafiyata ƙalau." Da ta sake samun ciki na gaya wa Malam, maigidana, cewa wannan karon babu abin da zai hana ni zuwa sai ikon Allah.

Sai haihuwar ta faɗo daidai lokacin gasar cin kofin duniya. Bashir ya yi mini bayani cewa an dakatar da bizar ziyara, ba mai shiga ƙasar sai wanda yake da tikitin wasa da katin 'yan kallo. Ya saya mini tikiti, aka ɗauki hotona da hijabi, kati ya fito a waya. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara da shekaru ina kashe masa rediyo idan ana sharhin wasa, ga shi na riga shi zuwa fili.

Na haɗa kayan jego kamar kowace uwa: garin kunu, kanwa, yaji, daddawa, kuka, man shanu, da kwalbar zuma mai kyau da aka kawo mini daga Soba. Har ƙaramin turmi na saka. Muka kama hanyar Kano, wadda ake ta gyara, mota ta riƙa sauka daga kwalta tana hawa har ƙuguna ya gaya mini. A filin jirgi sikeli ya ƙi kayana. Aka buɗe, aka ciro turmin. Haka Malam ya koma mota da turmi a hammata, yana ɗaga mini hannu ɗaya.

Jirgi ya tsaya a Abuja ya kwashi matasa masu riguna kala-kala, kowa da ƙasar da ya aro. Na ci abin da na gane a cikin abincin, na rufe wanda ban gane ba. Da muka sauka Doha, ma'aikacin da ya duba katina ya dube ni, ya sake duban wayar, ya tambaye ni da Turanci wace ƙasa nake goyon baya. Na ce Najeriya mana. Ya yi murmushi ya ce Najeriya ba ta zo ba. Na ce to ni na zo. Ya buga mini hatimi yana dariya.

Wajen duba kaya kanwa ce ta tsayar da ni. Wata ma'aikaciya ta ɗaga ƙullin tana jujjuyawa, ni kuma na rasa sunanta da Turanci ko Larabci. Na ce gishiri ne amma ba gishiri ba, abin ya ƙara rikicewa. Allah ya kawo wani mai gadi da ya ji ina salati da Hausa, mutumin Argungu, ya matso ya yi mata bayani. Da ta zuge ɗaya jakar sai ƙamshi ya tashi. Kwalbar zuma ta fashe, ta bi atamfofina da kayan jariri ta manne su wuri guda. Matar ta dubi hannunta da ya yi danƙo, ta dube ni, ta ce, "Yalla, Hajja, khalas." Mutumin Argungun ya ce wai in tafi, an gama. Waɗannan kalmomi biyu su na fara koya, kuma da su na yi rabin zamana.

Bashir ya tarbe ni. A wajen ajiye motoci ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni kamar a zauren Malam, mutane na wucewa suna kallonmu. A unguwar Al Thumama suke, cikin wani babban gida da aka yanyanka ɗaki-ɗaki, kowane iyali da ƙofarsa. Daga bakin titi ana hango filin wasan, fari, zagayayye, sak irin hular saƙa da alhazai ke kawowa tsaraba. Abin da ya fi ɗaure mini kai a kwanakin farko shi ne shiru. Gida cike da mutane amma ba sallama, ba mai leƙowa aron ludayi, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Abinci kuwa gurasa ce da safe, shinkafa mai kayan ƙamshi da rana, sai wani shayi mai kauri da suke kira karak, wanda na fara da rainawa na ƙare da nema.

Ummi ta kumbura. Ƙafafunta ba sa shiga takalmi, jininta yana hawa, likita ta ce ta kwanta, ban da wahala, ban da ɓacin rai. Ina gyara mata ɗaki na ga wata farar riga a bayan ƙofa, haɗe da wando, da hula mai raga kamar gidan sauro. Na tambaye ta ko ta ɗakin bincike ce. Ta ce a'a, ta zuma ce. Wai tana da amya biyu a wata gona a Umm Salal, arewa da Doha, kuma tana cikin wata 'yar ƙungiya ta masu kiwon zuma da ke haɗuwa duk Asabar. Na tsaya ina kallonta. Yarinyar da in zanzaro ya shigo ɗaki sai ta bar masa gidan.

Ta ce Asabar mai zuwa ce ranar da za su shirya amya saboda sanyi, kuma za ta je. Bashir ba shi da hutu ko na yini ɗaya sai an gama gasa. Na ce ba inda za ta. Ta ce ɗaya daga cikin amyoyin ba ta da ƙarfi, in ba a duba ta ba ba za ta kai ƙarshen sanyi ba. Na ce ƙwari ne fa, in sun mutu a sayi wasu. Ta juya fuskarta bango, na ga kafaɗarta tana rawa. Ban gane abin da na taɓa ba, amma na san na taɓa wani abu. Na ce to ta yi shiru, ni zan je a madadinta.

Ranar Asabar da hantsi wata mata ta zo ɗaukata. Doguwa ce, baƙa, za ta yi sa'ar ƙanwata, ta naɗe jikinta da lafaya irin ta matan Sudan. Sunanta Hajja Nafisa, tana aiki a kantin magani, da can ɗakinta yana jikin na su Ummi kafin su tashi. Ina shirya ɗan Turancina sai ta kama hannuna ta ce, "Sannu, uwar ɗiya. Kin kwan lafiya?" Na kusa sakin jakata. A mota ta ba ni labari cewa kakarta Bahaushiya ce. Kakar tana yarinya iyayenta suka taso da ita a ƙafa za su Makka, suka yada zango a wani ƙauye a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. A wurin tsohuwar ta tsinci Hausa. Hausarta tsohuwa ce, mai gutsure-gutsure, in kalma ta ɓace mata sai ta cike da Larabci, amma mun fahimci juna sarai.

Gonar ta wani dattijo ce ɗan ƙasar, suna ce masa Abu Salim. Akwai dabino, akwai darbejiya, sai itatuwan da suke kira sidir, da na matsa na ga magaryarmu ce. Ya shimfiɗa darduma a inuwa yana zuba wa kowa gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa ya ƙara. Na sake shanyewa don kada in yi rashin ladabi, ya sake ƙarawa. Gahawar ba sukari, ɗaci kamar maganin shawara. Sai da zuciyata ta fara bugawa Hajja Nafisa ta lura, ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Na girgiza shi da hannu biyu.

'Yan ƙungiyar ba su da yawa. Akwai wani injiniya Bamisire mai suna Ustaz Magdi, wanda ya fi kowa daɗewa a harkar, da wasu mata da miji 'yan Indiya, da wata nas 'yar Filifin, da wasu ƙalilan. Hajja Nafisa ta ce a lokacin korona abin ya faro. Da aka ɗan sassauta kulle ba wurin zuwa, Abu Salim ya ce duk mai so ya kawo akwatin zumarsa ya ajiye a gonar, ga fili ga iska. Tun suna tsayawa nesa da juna da takunkumi har suka zama kamar dangi.

Ni a sanina amya abin maza ce. A garinmu da zana ake saƙa ta, a shafe da kashin shanu, a rataya can saman ɗorawa. Maza su hau da wuta, mu mata sai dai mu ga saƙa a ƙwarya. A nan kuwa akwatuna ne farare a jere a ƙasa kamar bencinan aji, kowane da sunan mai shi, kuma mata ne a gaba. Na tambaya wane irin sanyi ne a hamada da har za a yi wa ƙwaro shiri. Hajja Nafisa ta ce zafi ne babban mai kashe ƙudan zuma, amma waɗanda suka tsira daga zafin a gajiye suke fitowa. Furen magarya ya ƙare, an ɗebi zumarsa, yanzu iskar arewa za ta taso, wani lokaci da ruwan sama. Gidan da ƙudajensa suka yi kaɗan ba zai iya ɗumama 'ya'yansa ba. Don haka za a cire rumfar da aka yi musu ta zafi don rana ta same su, a rage faɗin akwati, a tsuke ƙofa, a juya ta ta ba iska baya, a ɗora dutse a kan murfi, a bar musu zumar da za su ci, wanda bai da ita a ba shi ruwan sukari.

Rigar Ummi aka ba ni. Ba ta shiga a kan zani, dole na koma bayan ɗakin ajiya na sa wando, abin da ban taɓa fita da shi gaban mutane ba. Na ɗora hular raga a kan ɗankwali. Nas ɗin nan ta ɗauke ni hoto, na roƙe ta kada ya isa Zariya. Aka ba ni gwangwanin hayaƙi mai ɗan zugazugi, aka ce aikina in riƙa busawa a hankali.

Da aka buɗe amyar farko na leƙa na ga ƙudajen. Dubbai ne, suna tafasa a kan allunan katakon da suke saƙa a jiki. Na karanta duk abin da na haddace. Hajja Nafisa ta ce kada in kaɗa hannu, kada in yi sauri, su ba ruwansu da ni. Ta ɗago allo ɗaya, nauyinsa kamar na jariri, ta nuna mini zuma a sama, 'ya'ya a tsakiya, har sarauniyar ta nuna mini, doguwa, tana tafiya ba gaggawa. Muka yi wa amyar duk abin da ake yi muka rufe.

Ta biyun tun kafin a buɗe na ji kukanta daban ne, sama-sama, kamar gidan da aka yi rashi. Ƙudajen kaɗan ne, sun watsu. Hajja Nafisa ta duba allo bayan allo, sannan ta kira Ustaz Magdi. Shi ma ya duba ya girgiza kai. Babu sarauniya, babu ƙwai. Ya ce samun sabuwar sarauniya a wannan lokaci da wuya, ko an samu ma ba lalle su karɓe ta ba, kuma sun yi kaɗan. Abin da ya rage shi ne a haɗe su da amya mai ƙarfi, su zama gida ɗaya. In an bar su haka, iskar farko za ta gama da su.

Na ce to a haɗa mana. Hajja Nafisa ta ce in zo mu zauna tukuna. Muka cire huluna muka zauna a gindin magarya, ta gaya mini abin da ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ranar da naƙuda ta kama Ummi a wancan karon, Bashir yana killace, cutar ta kama shi. Ita kaɗai ta je asibiti, ita kaɗai ta dawo. Mijin Hajja Nafisa da wasu maƙwabta biyu ne suka kai yaron makwancinsa. Ta ce ta bango take jin kukan Ummi. Dokar lokacin ta hana shiga ɗakin wani, amma ta sa takunkumi ta shiga. Ita ta gasa mata jiki, ita ta dama mata kunu irin na kakarta, ita ta riƙa zama a bakin gado har ta ci. Bashir ya fito, aka yi arba'in, amma Ummi ba ta dawo daidai ba. Ta daina karatu, ta daina buɗe labule. In na kira daga Zariya sai ta wanke fuska ta gyara murya, tana ajiye waya ta koma ta kwanta. Da aka fara zuwa gona, Hajja Nafisa ta ja ta da ƙarfi ta sa a mota. Makonni tana zuwa tana zama a nan inda muke, ba ta magana. Ran nan wani taron ƙudan zuma ya sauka a reshe, aka kama shi aka sa a akwati, Abu Salim ya ce na wannan yarinyar ne. Daga ranar ta fara tambayar yaushe Asabar za ta yi.

"Wannan ce amyar," in ji Hajja Nafisa. "Shi ya sa ban so in taɓa ba da izini ba. Ko mu kira ta?"

Ina kallon hannuwan matar nan, hannuwan da suka yi aikin da yake nawa ne. Na tuna hawan jinin, na ce kada a kira ta. Ni ce uwarta, na ba da izini, in da laifi a kaina. Na ce amma ina so a bar ni in yi da hannuna.

Ustaz Magdi ya kawo tsohuwar jarida. Aka buɗe amya mai ƙarfi, aka shimfiɗa takardar a kanta, aka ɗan tsattsaga, aka ɗora wani akwati a sama. Ya ce in aka zuba su kai tsaye faɗa za su yi, don kowane gida da warinsa. Amma kafin su cinye takardar daga sama da ƙasa warin ya gauraya, sai su haɗu kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na riƙa ɗauko allunan ɗaya bayan ɗaya, da ƙudajen a jiki, ina bismillah ina sakawa. Sai da aka rufe aka ɗora dutse sannan ɗaya ta samu hanya ta ƙasan wandon ta harbe ni a idon sawu. Abu Salim ya ce yanzu na zama 'yar ƙungiya.

Da la'asar na dawo ina ɗingishi. Ummi ta ga ƙafar ta fara dariya, sannan ta tambayi amyoyin. Na zauna a bakin gadon na gaya mata gaskiya. Ta ce me ya sa ba a kira ta ba, ai nata ne. Na ce ba su mutu ba, suna nan a sama, takarda ce kawai tsakaninsu da 'yan uwansu. Na ce kuma Hajja Nafisa ta gaya mini komai.

Nan ta fashe. Ban hana ta ba, duk da maganar likita. Na jawo kanta na ɗora a cinyata, abin da rabona da yi tun tana firamare. Ta ce a asibiti sun ba ta yaron ta riƙe, yana da gashi da yawa, yatsunsa irin na Malam. Ta ce a ranta ta sa masa suna Abdullahi, ko Bashir sai daga baya ta gaya wa. Ta ce ba ta gaya mini halin da take ciki ba don ta san ba ni da hanyar zuwa, kada ta bar ni da abin da ba zan iya ɗauka ba. Muka yi kukanmu tare har aka kira magariba. Da na gwada jininta bayan sallah, ya sauka fiye da na safe.

Masu tambayar ƙwallo, e, na je. Bashir ya ce tikiti kada ya tafi a banza, Hajja Nafisa ta raka ni. Wasan Senegal ne. Ban gane komai ba sai gangunan, waɗanda suka tuna mini da bikin kamun kifi. Bashir yana bakin ƙofa da kayan aiki, ba halin tsugunawa, sai ya rusuna rabi yana duba jakata kamar bai san ni ba. Hajja Nafisa ta kuma kai ni wata kasuwa mai suna Souq Waqif, inda tsofaffi ke tura kayan mutane a baro. Na sayi turare, na yi ciniki da yatsu, mai kantin ya ce khalas, na ce yalla, kowa ya yi dariya.

Haihuwar ta zo a makon da 'yan Maroko suka hana unguwar sakat da hon ɗin mota, suna murnar cin wasa. Aiki aka yi mata. Ina zaune a baranda ina jan carbi, Hajja Nafisa na gefena, ta bar kantinta ta zo. Da nas ta fito ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya, ban san lokacin da na rungume matar nan ba.

Shirun gidan nan da na yi ta ƙorafi a kai ya ƙare a makon. 'Yan ƙungiya suka riƙa zuwa. Matar Ba'indiyen ta kawo wani abinci na masu jego irin nasu, nas ɗin nan 'yar Filifin ta riƙa zuwa duba ɗinki. Na taɓa faɗa a gona cewa a gida da ganyen darbejiya muke wankan jego, sai ga Abu Salim ya aiko da buhu guda, wanda zai ishi unguwa, tare da kwalbar zumar magarya daga amyar Ummi. Likita ta hana ruwa mai zafi sosai, na yi mata da mai ɗumi, ban yi gardama ba. Ustaz Magdi kuma ya aiko da ɗan bidiyo: ga guntayen jarida a ƙofar amya, ƙudajen suna fitar da su waje, suna shiga da fita ta ƙofa ɗaya. Ummi ta kalla ta sake kalla da jaririya a ƙirji.

Ranar suna Bashir ya yi mini sallama daga bakin ƙofa, ya ce sun yi shawara, in na amince, yarinya ta ci sunan Nafisa. Na ce da bai faɗa ba ni zan roƙa. Da aka gaya wa mai sunan ta rufe fuska da lafayarta, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ana gobe zan taho na ce mata ban san da me zan saka mata ba, ta faɗi abin da take so in aiko mata daga Najeriya, ko atamfa ko kilishi ko me. Ta ce ba ta son komai. Can ta ce kakarta takan ambaci sunan garinsu, Hunƙuyi, ko na taɓa jin sa, ko ma yana nan har yanzu. Na ce Hajja, daga gidana ba nisa, ranar kasuwa ma daga can ake kawo mana tumatir. Ta yi ta maimaita cewa ashe yana nan.

Na dawo lafiya, da kaya fiye da waɗanda na tafi da su. Bayan na huta na sa Malam ya kai ni Hunƙuyi ranar kasuwa. Mun tambayi dattawa, na faɗi sunan kakar da na mahaifinta. Ba wanda ya tuna. Wani tsoho ya ce mutanen da suka tafi gabas a ƙafa a zamanin kakanninsu suna da yawa, kaɗan ne suka dawo. Na ji ba daɗi, na rasa me zan gaya mata.

Duk da haka na kira ta ta bidiyo daga bakin kasuwa. Na gaya mata ban samu kowa ba. Na juya wayar na nuna mata jar ƙasar, da rumfuna, da wata ɗorawa can nesa mai amya uku a rataye. Kusa da ni wasu mata biyu suna ciniki a kan daddawa, wata tana kiran 'yarta, mai fura yana gaisawa da mai kaji. Na ga ta matso da kunnenta kusa da waya. Na ce hayaniya ta yi yawa, bari in koma mota mu yi magana sosai.

Ta ce, "A'a, uwar ɗiya. Tsaya nan. Haka kakata take magana."

Na tsaya a rana da waya a ɗage, tana sauraron maganar mutanen kasuwar, har hannuna ya gaji na sauya ɗayan.